Shuɗaɗɗen Lokacin Turanci da Ɗan Hausa: Laifin Yaro Ne ko na Koyarwa?

Duk wanda ya taɓa duba takardun insha'in Turanci na 'yan sakandare, ko da na ƙannensa ne a gida, ya san irin jimlolin da jan biro ya fi faɗa wa. Za ka ga yaro ya rubuta "He has come yesterday", wani ya rubuta "Did you went to school?", wani kuma ya fara labarinsa lafiya lau da "One day I went to the market", amma kafin ya kai layi na huɗu sai ka ci karo da "the woman is crying". Malam ya ja jan layi, ya rubuta kalmar "tense" a gefe, ya wuce. Mako mai zuwa yaron ya maimaita kuskuren nan dai, malam ya sake jan layi. A haka za a yi ta tafiya har ranar jarrabawar WAEC ko NECO, inda ake rage maki a kan kurakuran nahawu ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowa ya sani, in babu kiredit a Turanci ƙofar jami'a a rufe take, ko da kuwa Hausa mutum yake son ya karanta.

Abin da nake son in faɗa a wannan 'yar maƙala shi ne, waɗannan kurakurai suna da tsari, kuma tushensu yana cikin yadda muke koyarwa. Tun a firamare aka gaya wa yaro cewa abin da Bature ke kira "past simple" shi ne shuɗaɗɗen lokaci na Hausa, yaro ya yarda, ya riƙe, ya yi aiki da shi bilhaƙƙi. Daga baya kuma sai a hukunta shi a kan biyayyar da ya yi. A nawa ganin, mu ɗaliban Hausa mun fi kowa damar warware wannan ƙulli, domin mu ne muke nazarin rabin matsalar da malamin Turanci ba ya nazari. Ni da Yarabanci na tashi, a wurin maƙwabta na fara tsintar Hausa kafin in zo in karance ta a wannan sashe, Turanci kuwa a aji na same shi kamar kowa. Wanda ya shiga harshe daga waje yakan lura da wasu abubuwa da ɗan gida ba ya ko waiwaya, saboda shi sai da aka nuna masa su ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da abin da shi Turancin yake bukata. Ana amfani da wannan siga ne a kan aikin da ya faru a wani lokaci da ya riga ya ƙare, ko an ambaci lokacin ko kuwa masu magana sun san shi. Ana cewa "Nigeria became independent in 1960", ana cewa "The capital moved from Lagos to Abuja in 1991". Shekarar 1960 ta wuce, ta 1991 ma ta wuce, saboda haka aikatau ya ɗauki sigarsa ta baya. Yawancin aikatau "-ed" ake liƙa musu a ƙarshe, wasu kuma sukan sauya kama gaba ɗaya, kamar "go" da ke komawa "went". A korewa da tambaya ana kawo "did", aikatau ya koma yadda yake a ƙamus. Ka'idojin rubutu irin su ninka harafin ƙarshe a "stopped" da mayar da "y" zuwa "i" a "studied" ba su da wani wahala, darasi ɗaya ya ishe su. Iyakar abin ke nan a takarda. To me ya sa yaron da ya haddace wannan tun yana aji biyar na firamare yake tuntuɓe da shi har a shekarar ƙarshe ta sakandare?

Amsar tana cikin jimlar Hausa mafi sauƙi. Ɗauki "na tafi". A littattafanmu na nahawu sunanta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, kuma lallai a "na tafi Ibadan jiya" shuɗaɗɗen ne. Amma mai karatu ya tuna abin da baƙo yake cewa idan ya miƙe yana karkaɗe riga: "To, ni na tafi." Yana nan tsaye a gabanka, ko takalmi bai sa ba. Tela ya ce maka, "Kafin la'asar na gama", alhali ko yanka yadin bai yi ba. Manomi ya ce, "In ruwa ya sauka gobe za mu yi shuka." Ga "na gama", ga "ya sauka", duk a sigar da muka raɗa wa suna shuɗaɗɗe, amma maganar gobe ake yi. Ashe abin da wannan siga take nunawa shi ne aiki ya kammala, ko kuma ana kallon sa a matsayin kammalalle. Yaushe ya kammala? Wannan aikin wasu kalmomi ne irin su jiya, ɗazu, bara, gobe, ko kuma yanayin zancen kansa. Turanci yana tambayar aikatau yaushe aka yi shi, Hausa tana tambayar sa ko ya ƙare ko yana kan ci. Tambayoyi biyu ne daban, duk da cewa sau da yawa amsarsu takan zo ɗaya, kuma wannan yawan dacewar shi ne ya ruɗe mu.

Masana sun daɗe da ganin haka. Farfesa M.K.M. Galadanci, a littafinsa na nahawun Hausa na 1976, ya kira sigogin nan biyu "General Past" da "Relative Past", kuma irin wannan suna ne ya zauna a ajujuwanmu da Hausa. Amma Paul Newman, a babban littafinsa na shekarar 2000, "Completive" ya kira ta farkon, wato kammalalliya. Philip Jaggar kuma a nasa na 2001 ya yi amfani da "Perfective", wadda ita ma kammaluwar take nufi. Ba ina cewa a jefar da sunan da malamanmu suka koya mana ba ne, ya yi aiki kuma ya zauna a bakin jama'a. Sai dai suna linzami ne. Da zarar yaro ya ji "shuɗaɗɗe" a darasin Hausa da safe, ya ji "past" a darasin Turanci da rana, ya gama ɗaura su da igiya ɗaya, kuma babu wanda ya gaya masa inda igiyar take tsinkewa.

Wurin da take fara tsinkewa shi ne aikatau masu nuna hali ko yanayi. Bahaushe yana cewa na sani, na gane, na gaji, na ƙoshi, na yarda, ya isa. Duk a siga guda suke da "na tafi", amma ma'anarsu ta yanzu ce: "I know", "I understand", "I am tired", "I am full", "I agree", "it is enough". Yaron da ya riƙe darasinsa da kyau sai ya buɗe muhawararsa da "I agreed that boys and girls should go to school", mai duba takarda ya yi ta mamakin yaushe ya yarda, kuma ko yanzu ya janye. Wannan a jarrabawa ke nan, inda abin da za a rasa maki ne. Amma mu tuna cewa da yawa daga cikinmu tafinta za mu zama, ko masu fassara a gidajen rediyo da jaridu. A ce shaida ya tsaya a kotu ya ce, "Na san shi", tafinta ya ce "I knew him". Ga kunnen mai jin Turanci, wannan yana iya nufin sanayyar ta yanke, ko ma mutumin ya rasu, domin haka ake faɗa a kan mamaci. Harafi ɗaya ne tsakanin "know" da "knew", amma ya isa ya sauya abin da alƙali zai rubuta. Haka nan wanda ya ce "na yarda" a gaban masu sulhu, idan aka mayar da ita "I agreed", an mayar da amincewar da yake bayarwa yanzu ta zama labarin abin da ya wuce.

Sai kuma babbar matsalar, wato "I went" da "I have gone". Hausa ba ta raba su a sigar aikatau. "Ya zo" tana iya zama "he came", tana iya zama "he has come". Korewarta ma haka: "bai zo ba" tana ɗaukar "he did not come" da "he has not come" duka. Yaro yana da kalma ɗaya a kansa, an ba shi ƙofa biyu, kuma ba a gaya masa wacce zai bi ba, saboda haka sai ya yi canki-canki. Daga nan "He has come yesterday" ta fito. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne Hausa ma tana yin wannan bambanci, da ƙananan kalmomi take yi. Inda duk ka ji jiya, shekaranjiya, bara, makon jiya, ɗazu da safe in safiyar ta wuce, ko aka ambaci shekara, ko aka yi tambaya da "yaushe", to lokacin ya rufe, "came" za a ce. Inda kuwa ka ji tukuna, ko "ya riga ya", ko "taɓa", ko "tun" da ke jawo abu har zuwa yau, to "has" ko "have" ake nema. "Bai zo ba jiya" ita ce "he did not come yesterday". "Bai zo ba tukuna" ita ce "he has not come yet". "Ka taɓa zuwa Kano?" ita ce "Have you ever been to Kano?", amma da mutum ya amsa ya ce ya je bara, sai Turancin ya koma "I went last year". Yaron da aka nuna wa wannan da harshensa ya sami ma'aunin da zai iya gwadawa shi kaɗai a ɗakin jarrabawa. Wanda aka ce masa kawai ya haddace "already, yet, just, ever" kuwa, ya haddace jerin kalmomi ne da ba su da gindi a tunaninsa.

A nan ya kamata in ɗan yi ratse. Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Ba'amurke yana iya cewa "Did you eat yet?" ko "I just ate", inda mutumin Ingila zai fi son "Have you eaten yet?" da "I have just eaten". Yaranmu suna jin irin na Amurka a finafinai da waƙoƙi da intanet kullum, alhali a makaranta irin na Ingila aka fi bi. Gara malami ya gaya musu gaskiya cewa iri biyu ne, ga wanda ya fi aminci a takardar jarrabawa, maimakon ya ce abin da suka ji a fim ba Turanci ba ne. Amma "has come yesterday" ba ta da mafaka a ko wane ɓangare.

Akwai kuma wani makami da Hausa ta ba mu wanda ban taɓa ganin an yi amfani da shi a darasin Turanci ba, wato shuɗaɗɗen lokaci na biyu: kika, aka, muka, kuka, suka. Da shi Bahaushe yake jera labari. "Suka tashi, suka yi sallama, suka kama hanya, suka isa gari da magariba." Kowane "suka" a irin wannan jeri "past simple" ne a Turanci, babu togiya: "They got up, said goodbye, set out and reached the town at dusk." Ba za ka taɓa fassara jerin labari irin wannan da "have" ba. Saboda haka idan yaro zai rubuta labari, a ce masa ya fara faɗar sa a zuci da Hausa, kuma ya sa masu aikin su zama jam'i. Dalilin jam'in shi ne a tilo galibi rubutunmu ba ya nuna bambancin: "ya" mai dogon wasali ta na ɗaya da "ya" mai gajeren wasali ta na biyu duk harufa biyu ne a takarda, amma "sun" da "suka" ko makaho ya ji bambancinsu. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun san darajar wannan gwaji, domin da shi ake koya mana dalilin da ya sa ake cewa "su wa suka zo?" ba "su wa sun zo?" ba. Abin da ya yi wa mai koyon Hausa amfani zai yi wa Bahaushe mai koyon Turanci, sai dai ta ɗaya gefen.

Shi kuwa yaron nan da ya fara da "went" ya ɓuge da "is crying", ba mantuwa ya yi ba. A Hausa sau ɗaya ake kafa lokacin labari. Da an ce "wata rana" ko "bara", an gama, sauran jimlolin sai su bi: "Na je kasuwa, na tarar da wata mata tana kuka, ɗanta yana riƙe da zanenta." Wannan "tana kuka" ita ce dai wadda za ka faɗa a kan matar da ke kuka a gabanka yanzu. Lokaci mai ci na Hausa ba shi da wata siga ta daban don abin da ya wuce. Turanci kuwa kamar shingen 'yan sanda ne a kan hanya, kowane aikatau sai ya nuna takardarsa, ko da wanda ke gabansa ya nuna. Don haka sai "was crying", sai "was holding". Haka abin yake a maganar da aka ruwaito. "Ya ce ba shi da lafiya" takan zama "He said he was ill", "ta ce tana zuwa" ta zama "She said she was coming". Idan aka gaya wa yaro wannan a sarari, cewa harshensa yana biyan kuɗin shiga sau ɗaya ne, Turanci kuwa a kowace ƙofa, zai fara bin labarinsa layi layi yana duba aikatau, kuma wannan dubawar ita ce abin da jan biro ya kasa koya masa shekara da shekaru.

"Did you went" ita ce ta fi ba ni mamaki, domin a nan Turanci ya zo daidai da Hausa, amma ba a nuna wa yara. A Hausa aikatau ba ya ɗaukar lokaci. Muna cewa sun tafi, suka tafi, za su tafi, sukan tafi, ba su tafi ba, kuma "tafi" tana nan yadda take. Abin da ke gabanta, zagin aikatau da lamirin lokaci, shi ke ɗauke da kayan. Idan aikatau na Hausa ya sauya ƙarshensa, abin da ke biye da shi ne ya sa: na sayi littafi, na saye shi, abin da na saya. To "did" ma ɗan dako ne irin wannan. Da ya shigo jimla ya karɓi kayan lokaci, sai aikatau ya tafi hannu rabbana: "did not go", "did you go?". Ba a biyan 'yan dako biyu a kan kaya ɗaya. Yaron da ya san "ba su tafi ba" ya riga ya san "they did not go" a gininta, abin da ya rage kawai a haɗa masa su ya gani.

Wani ɓangaren matsalar kuma a kunne yake. Ita "-ed" ɗin nan furuci uku gare ta. Bayan sauti marar ziza takan fito kamar "t", misali "walked", "stopped", "washed". Bayan mai ziza takan fito kamar "d", misali "played", "called". Sai bayan "t" ko "d" kaɗai take zama gaɓa mai zaman kanta, kamar a "wanted" da "needed". Ke nan a kalma irin "walked" baƙaƙe biyu ne suke cunkushe a ƙarshe, a "asked" har uku. Gaɓar Hausa ba ta yarda da irin wannan cunkoso ba, kuma kalmomin aro shaida ne: "bench" ta zama benci, "paint" ta zama fenti, "bank" ta zama banki, "pound" kuwa aka datse mata wutsiya ta zama fam. Ko dai a ƙara wasali, ko a yar da baƙi. Yaro yana jin malaminsa, wanda shi ma ɗan ƙasar nan ne, yana faɗar "walk" da "walked" kusan iri ɗaya, to me zai rubuta? Da yawa daga cikin "Yesterday I walk to school" da ake gani a takardu, yaran sun san jiya ta wuce, kunnensu ne bai taɓa kama ƙarshen kalmar ba. Maganin wannan shifta ce da karatu a bayyane, ba ƙarin bayanin nahawu ba. Dabara mai sauƙi ita ce a sa kalma mai farawa da wasali a bayan aikatau, kamar "walked in", "stopped it", "asked us", domin a nan sautin yakan fito fili har yaro ya ji shi.

Aikatau masu sauya kama kuwa, babu makawa sai an haddace su. Sun kai kimanin 200 a Turancin yau, kuma abin takaicin shi ne su ne aka fi amfani da su: "be", "have", "do", "say", "make", "go", "take", "come", "see", "get", babu ko ɗaya a cikin goman nan da ke ɗaukar "-ed". Wasu tarihinsu ma abin dariya ne, domin "went" asalinta ta wani aikatau ce daban, "wend", aka aro ta aka ba "go". Inda nake da ja shi ne yadda ake haddace su, a jere bisa abacada daga "arise" zuwa "write", ana rerawa kamar karatun jadawalin lissafi. Ai dangi dangi suke: "sing, ring, drink" suna komawa "sang, rang, drank", "bring, buy, think" suna komawa "brought, bought, thought", "know, grow, blow" suna komawa "knew, grew, blew", su kuma "put, cut, hit" ko gezau. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan aiki, domin haka muke koyon jam'i: gida da gidaje, mota da motoci, littafi da littattafai, kowanne da ajinsa, sannan ga 'yan tawaye irin su akuya da awaki, mace da mata, sa da shanu. Ba wanda ya koyi jam'in Hausa bisa abacada. Kuma idan yaro ya ce "goed" ko "bringed", kada a yi masa dariya. 'Ya'yan Turawa ma suna faɗar haka a wani mataki na girmansu. Tun a 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta gwada ƙananan yara da kalmomin da ta ƙirƙira, ta ga suna liƙa musu ƙarshen da ya dace duk da ba su taɓa jin su ba. Mai cewa "goed" ya kama ka'ida ke nan, saura a nuna masa inda ta tsaya.

Na san abin da wasu malaman Turanci za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce yaron da ya saba fassara daga harshensa ba zai taɓa sakin baki da Turanci ba, kullum sai ya tsaya ya juya magana a kansa. Za su kuma ce a gari irin Legas ko Ibadan ko Fatakwal aji ɗaya yana iya ƙunsar harsuna biyar ko fiye, da wanne malami zai kwatanta? Game da ta farko, ai yaron yana fassarar ko an yarda ko ba a yarda ba, kurakuransa ne shaida. Tarar da ake ci a wasu makarantu a kan magana da harshen gida tana rufe baki ne kawai, ba ta shiga cikin kai. Ni ba cewa na yi a mayar da darasin Turanci na fassara ba. Cewa na yi a wuraren nan 'yan kaɗan da aka san harsunan biyu suna saɓawa, a tsaya minti goma a nuna saɓanin, sannan a koma aikin da Turanci zalla. Game da ta biyu kuwa, abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne harsunan namu sun yi kama a wannan fanni. A Yarabanci "mo lọ" tana nufin na tafi, aikin da ya wuce, amma "mo mọ̀" tana nufin na sani, halin yanzu, alhali gininsu ɗaya, kuma aikatau ba ya sauyawa saboda lokaci. A Turancin Buroka, wanda kusan kowane yaro a biranen kudu yake ji, ana cewa "I don chop" da "I bin chop", "chop" tana nan, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke aiki. Malamin da ya ce wa aji, "kowa ya faɗa mini wannan jimla da harshen gidansu, mu ga ko aikatau ya motsa", ba ya bukatar ya iya harsunan duka. Yaran ne za su kawo masa misalan.

Wannan batu ya ƙara muhimmanci saboda yadda manufar gwamnati take ta kai da komo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin nan na Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba a ga sun koma baya a Turancin ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma ga Turanci. Kowa yana da ra'ayinsa a kan haka, ni ma ina da nawa, amma ba shi ne zancen yau ba. Ko da wane harshe aka ce malami ya yi magana, yaron da ya shigo aji da Hausa a kansa da ita zai auna "came" da "has come". Sanarwar minista ba ta cire ta daga can.

'Yan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu za mu tafi yi wa ƙasa hidima a makarantun sakandare, kuma abin da muke ji daga waɗanda suka riga mu shi ne shugaban makaranta yakan dubi takardarka ya ga ka karanta harshe, ya miƙa maka darasin Turanci na aji ɗaya ko biyu, ko kana so ko ba ka so. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin raini ga fanninsu. Ni ina ganin wuri ne da abin da muka koya a darasin ginin jimla da na tsarin sauti zai yi aiki tun a makon farko. Abin da nake roƙon sashenmu shi ne a ba wannan kwatance gurbi a cikin darasin fassara, a riƙa kawo ainihin takardun insha'in yara, a cire sunayensu, mu zauna mu rarraba kurakuran: wanne ne na kunne, wanne ne na "ya zo" mai ƙofa biyu, wanne ne na labarin da aka kafa lokacinsa sau ɗaya. Masu neman batun kundin kammala digiri ma ga fili nan. A kan "in ya zo gobe" kaɗai, da yadda yara ke mayar da ita "if he came tomorrow" alhali Turanci "if he comes" yake so, ya kuma ajiye "if he came" don abin da ake ganin da wuya ya faru, ana iya cika babi guda.